Yatsu Biyu da Suka Hana Ni Ɗaukar Jikana

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya tanadi maganinta. Sunana Falmata, a Zinder aka haife ni, kakannina daga Barno suka zo. Shekarata arba'in da huɗu. Sana'ata buga takardu. Ina da ɗan shago kusa da kasuwar Dole, inda nake buga wa ɗalibai memuwar ɗinsu na ƙare karatu, da wasiƙun neman aiki, da duk takardar da mai ita ke so ta fito da tsabta. Abin da zan faɗa ya same ni bara, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Ina rubuta shi don masu sana'a irin tawa, da kuma duk wanda tsoro ya taɓa ɗaure wa harshe a gaban likita.

Shekara goma sha biyar ina aiki da babbar ordinatar, wato kwamfuta, irin mai zaman tebur. Ba ta taɓa yi mini laifi ba, sai dai in wuta ta ɗauke, da ita take tafiya, kuma kowa ya san yadda wuta ke yi da mu a bazara. Ranar da na rasa shafi ashirin na wani ɗalibi a ɗaukewa ɗaya, na tashi na je wajen wani Bakano mai sayar da na'urori na hannu, na sayi ƙarama, irin wadda ake rufewa a sa a jaka. Siririya ce, jikinta ƙarfe. Ya ce, "Hajiya, wannan ko wuta ta wuni ba ta zo ba, ke dai ki ci gaba da aikinki." Wunin dai ya ƙara gishiri, amma tana yin awa huɗu. Bakinta na gaba, inda mutum ke ɗora hannu, yana da kaifi kamar gefen sabon faranti. Na shafa shi ranar farko, na ce wannan ai kyan ƙira ne.

Teburina dogo ne, kujerata gajeruwa. A da, klabiyen tsohuwar na'urar, wato allon haruffan da ake dannawa, yana cikin wani ɗan aljihun tebur daidai cinyata. Yanzu sai na ɗaga hannuwa sama, na jingina wuyan hannu a kan wannan bakin, in yi ta bugu. Lokacin memuwar ne, ɗalibai na tsaye a kaina, daga ƙarfe takwas har kiran magariba.

A satin farko, abin da na gani jan layi ne a wuyan hannuwana, kamar na ɗaure su da zare na kwance. Na dama ya fi. Sai kuma wani abu kamar kiyashi yana yawo a ƙaramin yatsana da na kusa da shi. In na yarfe hannun sai ya wuce. Ban ba shi muhimmanci ba.

A sati na biyu wata ɗaliba ta dawo da takardarta tana dariya. Ta ce, "Madam, duk harafin m ya gudu daga shafi na tara." A klabiyenmu na Faransanci, ƙaramin yatsan dama shi ke buga m da p. Na duba, gaskiyarta. Ni a raina na danna, ashe yatsan bai kai ba. Na yi dariya tare da ita na gyara. Da yamma na zo rufe shago, makulli ya ƙi juyawa a hannuna, sai da na sa na hagu.

Ranar Juma'a ta sati na uku ina tuƙa tuwo, na sauke tukunya da tsumma, na kwashe, na je wanke hannu. A nan na ga bororo a gefen tafin hannuna, ƙasa da ƙaramin yatsa, girman ƙwallon dabino. Na ƙone, kuma ban san lokacin da na ƙone ba. Na danna shi, na ji zafin daga nesa, kamar a jikin wani yake. Na zauna a kan turmi.

Dole a nan in faɗi abin da na yi shekara talatin ban furta ba. Babana, Allah ya jiƙansa, kuturu ne. Baduku ne a da, yana ɗinka alabe da takalma da kube. Lokacin da na yi wayo, yatsu uku suka rage masa a hannu biyu. Ya sha magani, ciwon ya mutu a jikinsa, amma abin da ya riga ya ci ya ci. Muna zaune a wata unguwa ta bayan duwatsu, inda masu irin ciwon suka taru da iyalansu. A lakwal, wato makarantar boko, yara ba sa shan ruwa a moɗar da na sha. Ya rasu ina da shekara goma sha huɗu, Inna ta kwashe mu muka koma gidan iyayenta a unguwar Birni, ni kuma na rufe wannan babi na toshe. Maigidana, Malam Isufu tela, an faɗa masa kafin aurenmu, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ƴaƴana kuwa abin da na faɗa musu shi ne kakansu baduku ne, ya yi jinya ya rasu.

Ina tuna yadda Baba ke ba da labarin farkon ciwonsa. Yakan ɗaga dungun hannunsa na dama ya ce, "Daga ƴan biyun nan na gefe ya soma. Na ɗauki garwashi zan sa a kasko, sai ƙauri na ji."

Na juya hannuna a rana. A gindin tafin, daidai wuyan hannu, ga wani wuri ya yi sheƙi, ya fi sauran fatar haske. Na ciro allura daga ɗankwalina na tsira. Da ƙyar na ji.

Kwana biyu bayan haka ɗiyata ta fari ta iso daga Dakusa, inda mijinta ke koyarwa. Ba na kiran sunanta, Nana muke ce mata a gida. Cikinta na fari ne, ya shiga wata tara, ta zo haihuwa da wanka a gabana kamar yadda aka saba. Ta sauko daga kabu-kabu da ƙyar, ta buɗe hannu za ta rungume ni. Na ja da baya na ce mura nake yi.

Daga ranar na ware moɗata da kwanona. Na ce ramuwar azumi nake, don kada a tambaye ni dalilin da ba na sa hannu a kwano tare da su. Na koma sa dogon hijabi har a tsakar gida, hannun dama na ciki. In na taɓa marfin randa sai na koma na wanke shi da sabulu in ba kowa.

Malam ya lura da hagu nake komai. Na ce masa sanyi ne ya kama mini hannu. Kafin kwana biyu maganar ta kai kunnen yayarsa, Yaya Hadiza, wadda ba a ciwo a danginmu ba ta san maganinsa ba. Ta zo da man shanu da aka soya da tafarnuwa da citta, ta ce in shafa safe da yamma. Da ta miƙo hannu za ta shafa mini da kanta, na ce zan yi. Ta kira wanzami ya yi mini ƙaho a kafaɗa, na kwana uku ba na iya ɗaga hannun. Na sayi wasu jajayen ƙwayoyi wajen mai talla a faranti, suka ƙona mini ciki, hannun yana nan yadda yake. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ki je a auna miki tansiyo, ko hawan jini ne. Haka na marigayi mijina ya soma, daga yatsu, sai ɓarin jiki gaba ɗaya." Allah ya gafarta mini, da ta faɗi haka sai na ji wani sanyi a raina. Na yi fatan ya zama shanyewar jiki, don shi ciwo ne da ake zuwa dubiya a zauna kusa da kai.

Na je ƙaramin asibitin unguwarmu. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta auna tansiyo, lafiya lau. Ta tsaga yatsa ta auna suga, lafiya lau. Ta ɗago ta ce, "Madam, a danginku akwai mai wani ciwo da ya kamata mu sani?"

Na ce, "Babu."

Ta rubuta mini ordonas, takardar sayen magani, na bitamin da man shafawa. Na fito ina jin haushinta don ba ta gano ba, alhali ni na ɓoye mata.

Nana ta haihu ranar Talata da hantsi, namiji. Ungozoma ta naɗo shi a zane ta nufo ni kai tsaye, ta ce, "Kaka, ga angonki." Na ga ɗan bakinsa yana motsi, na ga gashinsa a jiƙe. Na sa hannuwana biyu a baya cikin hijabi na ce, "Ki ba Yaya Hadiza, ita ce babba." Matan da ke wurin suka yi dariya, suka ce kunyar ɗan fari ce ta bi jika. Amma kunya kwana ɗaya ce ko biyu.

Yaya Hadiza ta tare a gidanmu, ita ke wa mai jego wanka, ita ke wa jariri. Aikin da nake ta jira tun ranar da aka ce Nana na da ciki, wanda har na sayi sabuwar garwa da babban baho dominsa, ina tsaye daga bakin ƙofa wata ke yi. Ni ke hura wuta, ni ke kawo ganye, ni ke dama kunun kanwa da hannun hagu. Ranar suna aka raɗa masa Abubakar, mata suka yi ta miƙo mini shi, ni kuma ina ta ƙirƙiro aiki a madafi. Na ji Yaya Hadiza na ce wa wata, ba ta ma rage murya ba, "Matan biro ke nan, masu zaman ofis. Hannunsu na takarda ne, ba na kashin jariri ba."

Ga abin da ya fi ba ni takaici in na tuna. Don in nisanci yaron, sai na ƙara daɗewa a shago. Aikin da a da zan ce a kai wa wani, yanzu karɓa nake. Ina zaune wuyan hannuna a kan wannan bakin ƙarfe tun safe har duhu, ina bugu da yatsu takwas, ina kuka in babu kowa. A sati na shida yatsun biyu suka soma lanƙwashewa, in na shimfiɗa hannu a tebur ba sa kwanciya. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya faɗa ya yi rami. Hannun Baba na dinga gani a ƙarshen damtsena. Na soma tunanin ɗakin da zan kama a tsohuwar unguwarmu, da abin da dangin mijin Nana za su ce mata, da ƙannenta biyu da ba su yi aure ba.

Na je babban asibiti. Bayan sallar asuba na fita, na sayi tike, na samu mutane sun riga ni cika benci. Akwai wata tsohuwa daga Dogo da ta kwana a farfajiya da ɗanta. Muka zauna har azahar, sannan aka fito aka ce lokotoro, wato likitan, ya tafi taro, mu dawo Alhamis. Ranar Alhamis na shiga. Zamana a gabansa bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Bai taɓa hannun ba. Ya ce wataƙila daga wuya ne, ya rubuta in yi radiyo, wato hoton ƙashi. Na'urar asibitin ta lalace, na je ta kuɗi, jika goma sha biyar na sefa, hoton ya fito ba komai. Ina da ƙorafi a kan wannan likita, kuma ba zan janye ba: mutum ya kawo maka hannu, ka kama hannun ka duba. Amma shi ma ban faɗa masa kalmar ba. Mutum sittin na jiransa a waje, ni kuma na shigo da rabin magana.

Yaron na da kwana ashirin da shida abin ya fashe. Da la'asar ne, ana yayyafi. Yaya Hadiza ta tafi gidanta dubo jikokinta, Nana na bayan gida tana wanka. Ya farka ya soma kuka, irin kukan da jariri ke shiɗewa. Na shiga ɗakin na tsaya a kansa. Na kira sunansa, na yi masa waƙa, na sa gwiwata ina girgiza katifar. Fuskarsa ta yi ja, hannuwansa na neman wanda zai ɗauke shi. Ina tsaye hannuna a ƙirji na matse su kamar za su ƙwace.

Nana ta shigo da ɗaurin ƙirji, ruwa na zuba daga jikinta. Ta ɗauke shi ta sa a nono. Ba ta dube ni ba sai da ya yi shiru.

Ta ce, "Mama, me ya yi miki?"

Na ce, "Wane irin me ya yi mini?"

"Kwana ashirin da shida. Ko yatsansa ba ki taɓa ba. Da na ce kunya ce. In ni na yi miki laifi ki faɗa mini in roƙe ki. Shi bai san komai ba."



Ta ce, a hankali, "Zan kira babansa ya zo ya ɗauke mu. Sai in ƙarasa wankan a Dakusa."

Mai jego ta bar gidan uwarta kafin arba'in, wannan magana ce da za a yi ta yi har yaron ya girma. Amma abin da na ji a raina shi ne gara su tafi, can ya fi masa aminci.

Bayan magariba Malam ya same ni a madafi. Mutum ne da ba ya yawan magana, shekara ashirin da biyar muna tare ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya ce, "Falmata, ba sanyi ke damunki ba. Na ga kwanon da kika ware, na ga yadda kike wanke marfin randa. Na san abin da kike tunani." Ya miƙo hannu ya kama na daman ta cikin hijabi. Na fizge, ya ƙi saki. Ya ce, "Gobe ki je wajen Inna. In ba za ki iya ba, ni zan kai ki."

Na samu Inna da safe a tsakar gidanta a Birni tana tsince zogale. Ta haura saba'in, idonta ɗaya ya yi hazo. Na gaishe ta, na zauna nesa da tabarmar. Na fito da hannun na shimfiɗa.

Ta dube shi ta daɗe. Ta ce, "Matso."

Na ce, "Inna, kada ki taɓa."

Ta jawo ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta murza yatsun, ta juya tafin, ta sa babban yatsanta a kan farin wurin. Sannan ta ɗaga hannuwanta biyu a gaban fuskata.

"Ƙirga. Shekara ashirin da biyu ina wanke wa ubanki gyambo da waɗannan. Kwano ɗaya muke ci, shimfiɗa ɗaya. Nawa kika gani?"

Na ce, "Goma."

"To. Ni ban san ko shi ne ko ba shi ba ne, ni ba likita ba ce. Amma in ma shi ne, sai me? Ubanki ba mutum ba ne? Shi ya goya ki a kafaɗa har kika yi wayo, da dungun nan yake ba ki fura. Ke kuma kin bar jinjiri yana kuka."

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba. Na kifa kai a cinyarta na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Baba.

Ta ce in je wajen Manjo Abdu. Tsohon ma'aikacin jinya ne, shi ke wanke wa Baba ƙafa tun shi Manjon yana saurayi. Ya yi ritaya, amma yana taimakawa kwana biyu a sati a wani ɗan asibitin fata. Inna ta ce, "Ki faɗa masa ɗiyar wa ce ke. Da bakinki."

Na faɗa masa da bakina. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce, "Allah ya jiƙan baduku. Har yanzu ina da kuben da ya ɗinka mini." Sannan ya wanke hannu ya soma aiki. Ya ce in rufe ido, ya ɗauki auduga yana taɓa ni wuri wuri, in na ji in ce na ji. Ya sa wata ma'aikaciya ta duba bayana da cinyoyina ko akwai tabo. Ya shafa kunnuwana da girata. Ya matsa bayan gwiwar hannuna yana laluben jijiya, dama da hagu. Ya kai kusan awa guda. Da ya zo kan farin wurin nan, ya kankare shi da farce ya ce, "Wannan kanta ce, irin ta mai daka."

Ya ce, "Bayan hannunki yana ji, cikin tafin ne kawai ba ya ji. Ciwon babanki ba haka ya saba kamawa ba. Naki daga wuyan hannu ya tashi. Wane aiki kike yi?"

Na faɗa masa. Ya ɗan tsaga fatar kunnena ya ɗebi abin da za a auna, ya ce don hankalina ya kwanta. Ya ce in dawo bayan kwana uku, kuma in zo da na'urar.

Kwana ukun nan ban san me na ci ba. Malam ya roƙi Nana ta dakata da kiran mijinta, ta dakata, amma ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Ina tafiya a hanya ina maimaita kalmomin Manjo, in kama "ba haka ya saba ba" in ji daɗi, sai kuma in tuna ya ce "saba", bai ce "ba ya yi" ba.

Ranar da na koma, yana tare da wata likita matashiya. Ya miƙo mini takarda ya ce, "Babu komai. Fes." Ban iya karantawa ba, idona ya cika. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in ɗora na'urar a teburinsa in buga masa wani abu yadda na saba. Na zauna na soma. Ban kai layi biyu ba ya ce, "Tsaya haka, kada ki motsa." Ya nuna wa likitar. Bakin ƙarfen yana zaune daram a kan kantar, kamar an auna. Ya ɗaga hannuna ya bi bakin da yatsansa, ya girgiza kai.

"Madam, ga ciwonki nan, kin saya da kuɗinki."

Likitar ta kira abin da "kompresiyo", kalmar ta zauna mini har yau. Ta ce jijiyar da ke kai ji zuwa yatsun nan biyu tana bi ta daidai wurin, kamar tiyon ruwa, ni kuma na taka shi wata biyu ban ɗaga ƙafa ba. Ta ce da na ƙara wasu watanni a haka, da yatsun sun lanƙwashe har abada. Manjo ya ƙara da cewa, "Kuma ko da ciwon babanki ne, yau maganinsa kyauta ne, wanda ya soma sha ba ya sa wa kowa, wanda ya zo da wuri ba ya rasa ko farce. Masu ɓoyewa su ke rasa yatsu."

Na hau kabu-kabu na ce ya yi sauri. Na samu Nana a ɗaki tana ninke kayan jariri, shi yana kwance ido biyu. Ranar kwanansa talatin da uku. Na cire hijabin na yar, na durƙusa na ɗauke shi. Ya fi nauyin da na zata. Yana ƙamshin madara da hayaƙin ganye. Na sa fuskata a wuyansa na kasa ɗagowa.

Da na samu numfashi na faɗa mata duka, tun daga unguwar bayan duwatsu har takardar Manjo. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Mama, ai na sani."

"Kin san me?"

"Na san ciwon kakanmu. Inna ta faɗa mini tun ina ajin farko na kwaleji, ta nuna mini alaben da ya ɗinka mata. Ƙannena ma sun sani. Mun ga ba kya son maganar ne muka yi shiru." Ta share ido da bakin zane. "Da kin faɗa mini tun ranar da na zo, da ni da cikina zan raka ki asibitin."

Sati uku ban taɓa na'ura ba. An ɗaura mini wani abu mai tauri a wuyan hannu don kada ya lanƙwashe in ina barci, aka koya mini motsa yatsu da matsa ƙwallon roba. Wasu ɗaliban sun kwashe aikinsu sun kai wani shago, ba su dawo ba, ban riƙe su a rai ba. Kafinta ya rage ƙafafun teburin. Na jona tsohon klabiyena da ƙaramar na'urar, na ɗaga ta a kan littattafai ta zama allon kallo kawai. Malam ya ɗinka mini ɗan dogon matashi cike da auduga don gaban klabiyen, da ragowar shadda mai ruwan toka. Yanzu in na yi rabin awa sai in tashi in miƙe hannu. Yatsan zobe ya dawo sarai. Ƙaramin har yau gefensa kamar an sa masa safa, likitar ta ce wataƙila ya dawo, wataƙila a haka zai tsaya.

Ina godiya ga Manjo Abdu, da likitar da ban ma riƙe sunanta ba, da Malam, da Inna. Ina godiya ga Yaya Hadiza, wadda ta yi wankan da ya kamata in yi, ko da yake har yau cewa take man shanunta ne ya yi aiki a makare. Ga masu bugu irina, in kun ga layi a wuyan hannunku da yamma, ko kun ji kiyashi a yatsa, ku dubi inda kuke jingina hannun tun kafin ku dubi wani abu. Kada ku ɗora shi a kan kaifi, ko da kaifin bai yanka ba. In kun je asibiti kuma, abin da kuka fi tsoro shi za ku fara faɗa.

Kwana bakwai na samu ina yi wa jikana wanka da hannuna. Ranar arba'in mijin Nana ya zo, muka raka su tasha. Ina riƙe da yaron har direba ya tayar da mota, yaran mota na ta cewa Hajiya a ba da jariri. Nana ta miƙo hannu ta taga, na ce ta bari a gama ɗaura kaya tukuna. Aka gama ɗaurawa, na ce ta bari mai gyaɗar can ta ba da canji. Mijinta ya yi dariya ya ce, "Mama, ko mu bar miki shi ne?"

Na ce, "Kwana talatin da uku yake bina. Ku kawo shi da kaka, bayan girbi, in biya."

Na miƙa shi ta taga, motar ta tashi, ni da Malam muka tsaya har ta sha kwana.